Kundin aiki: sake haɗa gangunan jaz irin na 1920 da bin sawun makaɗansu

4 ga Nuwamba

Manufar aikin ita ce a haɗa cikakken saitin ganguna irin wanda makaɗan New Orleans da Chicago suka zauna a bayansa tsakanin 1917 da 1928, a kaɗa shi, sannan a riƙa ƙara masa kaya ɗaya bayan ɗaya bisa yadda suka shigo a tarihi. Dalili kuwa, faifan garmaho na wancan lokaci ba ya nuna abin da makaɗan suka yi da hannuwansu. Wanda ya saurari makaɗin ganga Baby Dodds a fayafayan bandin King Oliver na Afrilun 1923, waɗanda kamfanin Gennett ya ɗauka a Richmond ta jihar Indiana, zai ɗauka mutumin ɗan katako kawai ya iya ƙwanƙwasawa.

Kayan da ake nema: babbar ganga mai faɗin inci 28 da zurfin inci 14, ƙaramar ganga mai tsarkiya, inci 14 da 5, fedar ƙafa, simbal (faifan tagulla da ake bugawa) ɗaya ɗan Sin mai lanƙwasasshen baki, simbal ɗaya irin na Turkiyya, ɗan katako mai rami, ƙararrawar shanu guda biyu, masu amo kusa da na kuge, da ƙaramar gangar Sin mai fata kafe da ƙusoshi. Babu hai-hat, wato simbal biyu da ake haɗawa da feda, babu babban simbal na riƙe lokaci. Waɗannan daga baya suka zo, kuma daga baya za a saka su.

An samu kangon tsohuwar gangar fareti mai inci 28. Ba abin mamaki ba ne da ya dace, don saitin jaz daga bandunan fareti ya fito: mutum ɗaya ne ya haɗe aikin mai babbar ganga da mai ƙarama da mai simbal.

18 ga Nuwamba

Fata. Sai a 1956 da 1957 kamfanonin Evans da Remo suka fito da fatar roba, saboda haka duk abin da ake magana a kansa a nan fatar maraƙi ce. Kuskuren farko: an kawo jemammiyar fata. Ba ta yi. Jima tana tausasa fata ta kashe mata amo. Abin da ganga ke so shi ne wadda aka cire wa gashi aka kankare aka shanya, ba a jeme ta ba. An mayar an canzo.

Yadda aka ɗaura ta babbar ganga: an yanka da'ira mai faɗin inci 33, wato rarar inci 2 da rabi ko ta ina. An jiƙa ta a ruwan sanyi har ta yi laushi kamar tsumma. Ruwan zafi yana dafa fata, ta ƙanƙance ta yi tauri. An shimfiɗa ta, aka ɗora zoben katako, aka riƙa cusa bakinta ƙarƙashin zoben da marfin cokali da aka goge wa kaifi, ana yin gefe da kishiyarsa don kada ta karkace. Tun tana da danshi aka ɗora ta kan kango aka ja sukurori har zoben ya sauka rabin inci. Wannan saukar ita ce wuyan fata, kuma in babu ita, ranar da fata ta ɗame ba za a samu wurin sassautawa ba. An bar ta kwana 2 a inuwa.

Fatar ƙasan ƙaramar ganga, inda tsarkiya ke kwanciya, a Amurka da fatar ɗan tayin saniya ake yin ta don sirantarta. An maye gurbinta da fatar ɗan akuya, irin siririyar da masu haɗa kalangu ke nema. Tsarkiyar ta hanji ce, zare 12.

2 ga Disamba

Fatar saman ƙaramar ganga ta tsage daga baki zuwa baki. An ɗaure ta tamau tana da sauran danshi, hunturu ya ƙarasa ta cikin dare. New Orleans gari ne mai laima, matsalarsu akasin tamu ce: fata na saki, shi ya sa a shekarun 1920 ake sa ƙwan lantarki cikin babbar ganga ya busar da ita, ya kuma haska zanen da ke fuskarta. A nan, daga yanzu zuwa Maris, jiƙaƙƙen soso za a rataya cikin kango, a kuma sassauta kowane sukuri rabin juyi bayan an tashi daga kiɗa.

16 ga Disamba

An ɗaura sabuwar fata. An fara aiki ba tare da feda ba, da gangan. Kafin feda ta yaɗu, makaɗin yakan jingina ƙaramar ganga kusa da babbar, ya bugi duka biyun da sandunan hannu. An gwada kwana 3. Abin da aka lura: hannun dama ba ya iya barin ƙaramar ganga ya je babbar ya dawo cikin sauri sai ya tsallake wani bugu, don haka dole salon ya zama mai giɓi, bugun babbar ganga ya riƙa faɗowa a inda hannu ya samu sarari. Wasu daga cikin karkatattun bugun da ake ji a kiɗan ragtaim, wanda ya gabaci jaz, kamar daga nan suka samo hanya.

A New Orleans, Dee Dee Chandler na bandin John Robichaux ya yi amfani da feda ta haɗin gida tun shekarun 1890. Wadda ta zauna ita ce ta William F. Ludwig ta 1909 a Chicago, mai gajeren hannu da sifirin da ke dawo da ita nan take. Tana da wani ɗan ƙarfe a gefe da ke bugun ƙaramin simbal maƙale da bakin ganga duk lokacin da aka taka. Mai walda ya yi mana kwatankwacinsa. Hukunci: ƙarar tana gundura cikin minti biyu, don ba yadda za a yi ganga ta yi magana ba tare da simbal ya sa baki ba. An yi masa maɗauri da za a iya kawar da shi da yatsan ƙafa.

Wata matsala: fedar zamani an auna ta da ganga mai inci 20 ko 22. A kan mai inci 28, tsakiya tana inci 14 daga ƙasa, kan fedar kuwa yana bugu ƙasa da nan, sai amon ya yi ta zuza maimakon ya fito dunƙule. An ƙara tsawon sandar, aka naɗe kanta da fatar tunkiya mai gashi.

13 ga Janairu

Wannan watan na murzawa ne, kuma a nan zuciyar aikin take. Makaɗan farko ba a kan simbal suke riƙe lokaci ba, a kan ƙaramar ganga suke riƙe shi. Ana danna sanda kan fata a bar ta ta yi ta tsalle da kanta har bugun ya narke ya zama zzzz. A New Orleans ana jingina shigar wannan salo cikin jaz ga Louis Cottrell babba, amma Baby Dodds, wanda aka haifa a 1898, shi ya kai shi ƙarshe. Ya yi shekaru a bandin Fate Marable cikin jiragen ruwan kogin Mississippi tare da Louis Armstrong kafin su haɗu a wurin King Oliver.

Tsarin da ake bi: gaɓa mai bugu 4. Ƙafa tana taka 1 da 3. Hannun dama yana sauke bugu huɗun a taƙaice. Hagu yana murza na 2 da na 4, ya ja murzar har ta shiga bugu na gaba. An fara da bugu 120 a minti, aka hau 160, sannan 200.

Abubuwan da ke ɓaci, da dalilansu. In an danna sanda da ƙarfi, tana shaƙewa bayan tsalle biyu, sai a ji "trr" gajere maimakon jan numfashi. In an sassauta da yawa, tsallen yana warwatsewa har a ƙirga shi. Matsin yana tsakanin babban yatsa da manuni ne, sauran yatsu su saki. Na biyu, a kan fatar roba sanda tana dawowa da sauri, shi ya sa wanda ya saba da ita yake ƙoƙarin taka mata burki. Fatar maraƙi tana haɗiye rabin tsallen, dole hannu ya zagaya kamar mai dama fura don a ci gaba da ciyar da murzar. Na uku, tsarkiyar hanji ba ta amsa bugu mai rauni kamar ta waya. In fatar ƙasa ta saki ko kaɗan, murzar tana mutuwa a tsakiyar fata. Sai an matsa inci 3 daga baki take farfaɗowa.

A 200, babu yadda za a yi a murza bugu biyu cikakku a kowace gaɓa, sai murzar ta gajarce. Abin da ya rage a kunne shi ne "tan, tan-ta-tan, tan-ta-tan". Duk wanda ya san jaz na bayan 1940 zai gane wannan: shi ne abin da hannun dama ke yi a kan babban simbal har gobe. Tsarin bai mutu ba, wurin zama ya sauya.

An kuma ƙara abin da ake kira babban huɗu: a gaɓa ta biyu, ƙafa ta jinkirta ta sauke nauyi a bugu na 4. Ana danganta shi da bandin Buddy Bolden. Da shi tafiyar fareti ke rikiɗewa ta zama rawa. Da an cire shi, nan take kiɗan ke komawa na sojoji.

3 ga Fabrairu

Gwajin ɗaukar sauti. Kafin 1925 babu makirfo a ɗakin ɗauka. Bandi na tsayawa gaban wani babban mazurari, iskar sautin ta girgiza allura, allurar ta yanka kakin zuma. Abin da wannan hanya ke kamawa bai wuce kusan 250 zuwa 2,500 a ma'aunin hez ba, wato yawan girgizar sauti a daƙiƙa. Babbar ganga mai inci 28 gindin amonta yana ƙasa da 100. Ga kuma tsoron injiniyoyi cewa bugu mai nauyi zai sa allura ta tsallake layi, a yi asarar kakin.

An ɗauki minti 3 na kiɗa, gwargwadon abin da faifai mai inci 10 ke ɗauka, da ƙaho da kalarinet da banjo da cikakken saiti. A kwamfuta aka yanke duk abin da ke ƙasa da 250 da sama da 2,500, aka zuba shuuu irin na tsohon faifai. Sakamako: babbar ganga ta zama ɗan tari. Murzar da aka yi wata guda ana gyarawa ta narke cikin shuuu ɗin, ba a iya raba su. Ɗan katako da ƙararrawa ne kaɗai suka fito tas. Ke nan ko da an bar Dodds ya kaɗa duk kayansa a 1923, kusan abin da za mu ji ke nan. Wanda ke son jin ainihin hannunsa sai ya nemi abin da ya ɗauka shi kaɗai a 1946, inda yake kiɗa yana bayani da bakinsa.

Gyara ga bayanan da aka tara: ana yawan cewa Gene Krupa ne ya fara shigar da babbar ganga faifai, a zaman ɗaukar faifai na bandin McKenzie da Condon na Disamban 1927 a kamfanin OKeh. Zaman yana da muhimmanci, amma da lasifikar kunne mai kyau ana jin gangar Tony Sbarbaro a faifan Original Dixieland Jazz Band da Victor ya ɗauka ranar 26 ga Fabrairun 1917. Abin da 1927 ta kawo shi ne a ji ta a fili, bugu huɗu a gaɓa.

Wani tarko ga mai auna sauri: ba duk fayafayan ba ne aka yanka a juyi 78 daidai. Bambancin 78 da 80 kashi 2 da rabi ne cikin ɗari, wato kusan bugu 5 a kiɗa mai 190. Kafin a rubuta saurin kowane faifai, sai an daidaita muryar ƙaho da fiyano tukuna.

17 ga Fabrairu

Zutty Singleton, sa'an Dodds, ya fi shi sauƙin hannu da barin sarari. An gwada buroshin waya, wanda Singleton yana cikin na farkon da suka riƙe shi. Asalin abin ma na kashe ƙuda ne. A kan fatar maraƙi yana jan sauti da kansa saboda kaushin fatar, ba sai an shafa mata komai ba. An kuma haɗa 'yan simbal biyu masu inci 3 a kan maƙata, irin waɗanda ake jin Singleton yana ƙwasawa a "West End Blues" na Armstrong, Yunin 1928. Aikin yini ɗaya.

10 ga Maris

Hai-hat. An fara da kakansa, gajeren nan da bai wuce kamu ɗaya daga ƙasa ba, mai simbal biyu na inci 10 da ake haɗawa da ƙafar hagu. Aikinsa ɗaya: ya ce "cik" a 2 da 4, ya 'yantar da hannun da a da yake kama simbal ya shaƙe shi. Sanda ba ta kai wa gare shi. A ƙarshen shekarun 1920 aka ɗaga shi zuwa tsayin ƙugu, daidai lokacin da Avedis Zildjian ya buɗe masana'anta a Quincy ta Massachusetts a 1929, ya ci gaba da sana'ar da danginsa suka fara a Santambul tun 1623, ya kuma riƙa yi wa makaɗan jaz simbal marasa kauri.

Namu na farko ya ƙi magana. In simbal biyu suka haɗu daidai wa daida, iska tana maƙalewa a tsakani, sai a ji "fuf". An sa ɗan sukuri ƙarƙashin na ƙasa ya karkatar da shi kaɗan, baki ɗaya ya riga taɓawa.

Da ya tashi, sai aka mayar da tsarin 13 ga Janairu kansa, bisa hanyar Jo Jones na bandin Count Basie: a buɗe kaɗan a 1 da 3, a rufe a 2 da 4, sanda na shafa gefe. Babbar ganga ta koma bugu huɗu marasa ƙarfi. Nan aka ga abin da ba a yi tsammani ba: muddin banjo na nan, canjin ba ya fitowa, don banjo da hai-hat suna cin wuri ɗaya a kunne. Sai da aka sa jita da babban goge mai tsayuwa, kamar yadda Freddie Green da Walter Page suka zauna wa Jones, sannan kiɗan ya tashi daga ƙasa. Makaɗi ba ya sauya salo shi kaɗai.

Ba a tsaya kan Chick Webb da Krupa sosai ba, don nasu gadon na fito da mai ganga gaban dandali ne. Webb ya riƙe zauren rawa na Savoy a unguwar Harlem ta New York har rasuwarsa a 1939, ya kuma kara da bandin Benny Goodman, da Krupa a bayan ganguna, a Mayun 1937. Abin da ya shafi kayanmu shi ne gangunan gefe masu sukuri sama da ƙasa da Krupa ya sa Slingerland suka yi a tsakiyar shekarun 1930. Gangar Sin mai ƙusoshi ba ta ɗauruwa. Tamu tun Janairu hunturu ya ɗame ta har tana kuka kamar kwano.

7 ga Afrilu

An ɗora simbal mai inci 20. Kenny Clarke ne ya mayar da riƙon lokaci kacokan kansa, ya bar ƙafar dama da hannun hagu suna jefa bugu inda suka ga dama. Teddy Hill ya sallame shi daga bandinsa saboda wannan, shi ne kuma ya dawo ya ɗauke shi a gidan kiɗa na Minton's a Harlem, inda bibop, sabon salon jaz mai sauri, ya yi rarrafe a farkon shekarun 1940.

A kan saitinmu abin bai zauna ba, kuma dalilin a fili yake. Ganga mai inci 28 in aka jefa mata bugu ɗaya mai ƙarfi, amonta yana cika gaɓa guda, ya danne mai goge. An tsallaka ƙyallen bargo mai faɗin inci 4 a bayan fata, ya rage, bai warke ba. Ƙanƙancewar babbar ganga zuwa inci 22, 20, har 18 a hannun masu bibop ba don sauƙin ɗauka kaɗai ba ne. An yanke shawarar a nemo mai inci 20 don wannan zango, a bar babbar ga abin da ya gabaci 1940.

5 ga Mayu

Reshe biyu da suka fita daga gangar jikin. Na farko ya tsaya a New Orleans. A ƙarshen kowace waƙa tsofaffin makaɗa sukan sauke nauyi a 2 da 4 don a tashi da zafi. Earl Palmer ya ɗauki wannan na ƙarshen waƙa ya shimfiɗa shi daga farko har ƙarshe a faifan Fats Domino na 1949, daga nan ya shiga na Little Richard, ya zama ƙashin bayan kiɗan rok. An gwada a saitinmu ba tare da sauya komai ba, ya zauna daram. Ed Blackwell kuwa ya kai murzar fareti har cikin bandin Ornette Coleman.

Na biyu ya ƙetaro teku. Tony Allen, haifaffen Legas a 1940, ya sha faɗin cewa daga fayafayan Art Blakey da Max Roach ya koyi abin da ake yi da hai-hat, a lokacin da yawancin masu kiɗan hailaif suke barinsa a rufe. A afrobit ɗin da ya gina tare da Fela Kuti har 1979, ƙafar hagu ba ta hutawa, ƙaramar ganga kuma tana cike da ƙananan bugu masu raɗa a tsakanin manya. Da aka rage saurin ɗaukarsa a kwamfuta, waɗannan raɗa-raɗan sun fi kama da gajeriyar murza fiye da komai. A 2017, shekara 3 kafin rasuwarsa a Paris, ya fitar da faifan girmamawa ga Blakey a kamfanin Blue Note.

An kawo shawarar a saka kalangu cikin saitin. An ƙi. Akwai wanda ya yi irin wannan da hujja, Guy Warren na Accra, wanda ya shiga jaz na Amurka da gangar hammata ya yi faifai a 1956, amma wannan wani babi ne. A 1920 babu gangar hannu a saitin jaz. Abin da ya tsira daga taron Lahadi na bayi a dandalin Congo Square na New Orleans ba kayan kiɗan ba ne, yadda ake rarraba bugu ne, irin rabon 3-3-2 da ke ƙarƙashin babban huɗu, aka ɗora shi kan gangunan sojan Turawa.

9 ga Yuni

Ruwa ya sauka, fatu duka sun saki. An cire soso. An saka ƙwan lantarki mai wat 25 cikin babbar ganga, irin tsohon mai zare. Na zamani marasa cin wuta ba sa zafi, ba su da amfani a nan. Minti 20 yana dawo da ita. Ƙaramar ganga ce ta fi wahala: tsarkiyar hanji tana miƙewa da laima, zare 12 kuma ba sa miƙewa daidai, sai an bi su ɗaya-ɗaya. Wuyan fatar sama ya sauka daga rabin inci zuwa kusan inci guda, sukurori sun kusa ƙurewa. In ya ƙara, sai an jiƙa ta an sake zaunar da ita.

Abin lura: murzar ta fi daɗi yanzu fiye da Janairu, ta yi kauri, ta yi duhu. Wannan laimar ta fi kusa da wadda Dodds ya tashi a cikinta, saboda haka za a sake ɗaukar gwajin 3 ga Fabrairu a wannan yanayi a kwatanta. Ganga mai inci 20 ba ta iso ba tukuna, zangon Clarke da Roach yana jiranta.